Fuskar da Na Rataye a Bango

Sau ɗaya tak na yarda aka kira ni mai fasaha, kuma na ji a jikina. Ni mai hoto ne, na katin shaida. Shagona yana bayan tashar Arlit, tsakanin mai facin taya da wani tela mutumin Tawa wanda ba ya dariya. Daga Damagaram na zo, lokacin da kamfanin haƙar iraniyom ke ɗiban ma'aikata babu ƙaƙƙautawa, kowa kuma sai da hoto ake rubuta sunansa. Ƙanana guda huɗu, fuska sak, kunnuwa a waje, ban da murmushi. Iyakar sana'ata ke nan, kuma ta ciyar da ni shekaru.

In Bahaushe ne ko Bazabarme aikin ba wuya. Ya cire hula, ya zauna, in ce ɗaga haɓa, ƙyas, an gama. Abzinawa ne sai da dabara. Namiji a cikinsu, daga ranar da aka naɗa masa rawani bakinsa ya ɓuya ke nan. Amawali, wato shashin rawanin da ke rufe hanci da baki, ba ya sauka a gaban mutane. Ko shayi zai sha, ta ƙarƙashi yake cusa kofin. Duk duniya kuma ba wanda yake gudun ya ga bakinsa kamar surukinsa. Mu ma muna da kunyar surukai, amma tamu wasan yara ce a kan tasu. Shi kuwa ofis ba ruwansa, fuska yake so tun daga goshi har haɓa.

Don haka na tsara yadda nake yi da su. In Ba'abzine ya shigo, duk mai zaman hira a shagon sai ya fita, ko ɗan'uwana ne. In saki labule, in juya baya ina gyaran abin da bai lalace ba, har sai ya yi gyaran murya. In juyo, in leƙa ta cikin na'ura, in danna, in sake juya baya. Hotunan a ambulan nake ba shi, a manne. Ba wanda ya koya mini wannan, kuma ba don kirki na fara ba, don ciniki ne. Labari ya bazu har Dannat da Gugaram cewa akwai mai hoton da ba ya kallon mutum, sai suka riƙa tsallake shaguna biyu suna zuwa nawa.

Sai kasuwar iraniyom ta faɗi. Kamfani ya fara sallamar mutane, rukuni rukuni. Gidajen unguwar ma'aikata suka fara zama kango, masu hoto biyun nan suka tattara suka koma kudu. Fari ya riga ya koro makiyaya daga daji, sun kafa tantuna da bukkoki a gefen gari, har unguwar ta ci sunan Bukkoki. Ana cikin haka tawaye ya tashi a duwatsu. Mota ba ta fita sai cikin ayari da rakiyar soja, kowane shinge kuma kati ake tambaya, musamman in mutum yana da rawani. Ni dai aikina bai mutu ba. Da, hoton neman aiki nake ɗauka, yanzu na koma ɗaukar na tsallake shinge.

A wannan lokacin na san mai gadin layinmu. Dogo ne, mutumin wajen Gugaram, mai maganar da sai ka ƙirga uku kafin kalma ta biyu ta fito. Raƙumansa sun ƙare a farin, ɗaya bayan ɗaya. Ya shigo gari da matarsa, suka kafa tantinta a Bukkoki daf da na mahaifinta. A wajensu tanti na mace ne. Abin da gadi ke ba shi bai taka kara ya karya ba, tukunyar surukin ce ke riƙe da gidan. Da safe kafin ya tafi gida yakan dafa shayi a bakin shagona, mu sha kofi uku, ni ina ta zuba, shi yana cewa "haka ne". Wani lokaci ya kawo mini cuku ɗan ƙarami a ƙunshe cikin tsumma, ban san inda yake samowa ba.

Shi ma ni na ɗauke shi hoton kati. Da na miƙa masa ambulan, sai ya tsaya yana juya ta a hannu. Ya taɓa ganin dodo, baƙin fim ɗin nan da ake wanke hoto daga jikinsa, yana shanye a igiya. Da irin Hausarsu ya ce, "Wancan baƙin, ina shi zauna?"

Na nuna masa akwatin kwano da ke ƙarƙashin tebur. Na ce, "Nan ciki. In katinka ya ɓace, sai in wanke maka wani ba sai ka sake zama ba."

"Ba mai gani?"

"Daga ni sai Allah," in ji ni.

Ya ce, "To."

Wata mata ce ta kawo maganar nunin hotuna, cikin ayari ta shigo gari. Ƴar ƙasar nan ce, uwarta mutuniyar Tawa, amma a waje ta tashi, can ta yi karatun hoto. Wai har karatunsa ake yi! Hausarta da sauranta, in ta maƙale sai ta cike da Faransanci. Madam kowa ke ce mata. Ta zo wajena ne don tana neman ɗaki mai duhu da za ta wanke gwaji, ni kaɗai kuma na rage da shi. Ta nuna mini abin da take ɗauka. Gidan ma'aikaci ba kowa ciki, ƙofa a wangale. Wurin ninƙayar manyan kamfani ba ruwa, akuya tana tsaye a tsakiya. Tarin dutsen da aka fitar daga rami, ya tokare rabin sama. Na duba, na sake dubawa, na ce, "Madam, sai da masu gidan suka fita kika ɗauka?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce rashin mutanen shi ne hoton. Na ce a raina, Allah ya ba da sa'a.

Mace ce mai kirki, wannan ba zan tauye mata ba. Tana cire takalmi in za ta shiga gidan mutane, tana tambaya kafin ta ɗaga na'ura. Rana ta uku tana neman inda za ta ajiye jaka, ƙafarta ta bugi akwatin kwanon. Ta ce mene ne ciki, na ce tarkace. Ta buɗe. Ta zauna a ƙasa, tana ɗaga dodo ɗaya bayan ɗaya tana hanga a hasken ƙofa, har azahar ta wuce.

"Malam," ta ce, "ka san abin da ke hannunka kuwa? Duk wanda ya taɓa zuwa garin nan neman abinci yana cikin akwatin nan. Ni bango na ɗauka, kai ka ɗauki mutane. Kai ne mai fasahar, ba ni ba."

Shekara nawa ina aikin nan ba wanda ya taɓa ce mini ko sannu, sai dai "mai hoto, ka baƙanta ni", "mai hoto, ka ƙara mini hanci". Kaina ya kumbura, in faɗi gaskiya. Ta ce an ba ta babban zauren gidan shaƙatawar manyan ma'aikata za ta baje hotunanta, tana so rabin bangon ya zama nawa. Za ta kai dodannin Yamai a wanke su manya, a rubuta sunana kusa da nata.

Ta zaɓi wajen arba'in. Bakwai na Abzinawa ne, fuska a buɗe. Ina tsaye ina kallo ta ware na mai gadi, ta ce wannan ya fi duka. Na ce, "Waɗannan fa akwai ƴar kunya a wajensu." Ta ce ai girmamawa ce, ba tozarci ba, duniya ta ga su waye fari ya kora. Baƙo makaho ne ko da idonsa, ita ba ta sani ba. Ni na sani. Ban yi mata bayani yadda za ta gane ba, domin ba na so ta gane. Na lallashi kaina da cewa zauren yana cikin unguwar kamfani, akwai ƙofa da masu tsaro, mutumin Bukkoki bai taɓa taka wurin ba, ba kuma zai taka ba. Da safe na sha shayin mai gadi kamar kullum.

Bayan wata biyu ta dawo da su a nannaɗe cikin bututun kwali. Da muka warware na farko sai da na ja da baya. Hoton da na saba gani kamar ɗan yatsa biyu ya zama kamar ƙyauren ɗaki. Kwana biyu muka yi muna ratayewa. Zauren fari fat, na'urar sanyi tana gurnani, kowane hoto da fitilarsa. Ita ke awo da igiya, ni ke buga ƙusa. In na matso da biyu kusa sai ta ce a'a, a ba su wuri su yi numfashi, kamar hoto na da huhu. Na mai gadi ta sa a bangon da ke kallon ƙofar shiga.

Sai ran nan na ga fuskarsa, ni da na ɗauka. Ta cikin na'ura haske kawai nake dubawa da daidaiton kai. Daga ido zuwa sama fatar baƙa ce, rana ta dafa ta. Daga hanci zuwa ƙasa kuwa fara ce sol, da dabbaren shunin rawani a kumatu. Ya datse leɓe kamar wanda likita ke wa allura. Hoto ne mai kyau, ba ƙarya. Na tsaya a gabansa ina jin daɗin kaina.

Ranar buɗewa da hantsi Madam ta zo shago tana murna. Ta ce ta roƙi kamfani ya ba da bas guda, ta je wajen mai unguwar Bukkoki da kanta, an yi shela: duk mai so ya zo, ba kuɗin shiga, akwai lemo. "Hotunan mutane ne," in ji ta, "ya za a yi masu su su zauna a waje?"

Tsakanin hantsi da la'asar akwai lokacin da zan sauke hoto bakwai in sake rataye su sau uku. Makullin zauren ma yana aljihuna. Na tafi gida na sa aka goge mini babbar riga. Na sha tambayar kaina dalili, amsar da nake samu ita ce ban so a ga giɓi a bangona ba.

Bayan la'asar aka buɗe. Manyan kamfani da matansu suka zo, suna tafiya a hankali hannu a baya, su tsaya gaban akuyar nan su gyaɗa kai. Sannan ƙananan ma'aikata da mutanen kasuwa suka shigo, wuri ya kaure. Wannan ya ce ga wane tun yana da gashi, wancan ya ce Allah ya jiƙan wane, ashe haka yake da kunne. Tela maƙwabcina ya ci karo da nasa, ya dafe ƙirji ya ce, "Kai! Wanga ni na?" Ya fashe da dariya, ranar na fara ganin haƙoransa. Mutane suna ta ba ni hannu. Wani Bature ya tambaye ni me nake nufi da farin ƙyallen da ke bayan kowa. Na ce ofis ne ke so. Ya rubuta a littafinsa.

Sai bas ta iso. Mata suka fara shigowa cikin baƙaƙen lulluɓi, suna ɗaga ƙafa a hankali saboda santsin daɓen. Bayansu dattawa. A cikinsu akwai wani gajeren tsoho mai sanda, rawaninsa ya koɗe amma naɗin tsaf. Taku biyar a bayansa, ga mai gadi. Ban taɓa ganin tsohon ba, amma tazarar nan kaɗai ta gaya mini ko wane ne. Daga baya na ji cewa tsohon ne ya ce yana so ya ga cikin unguwar kamfani kafin ya mutu, mai gadi kuma ya biyo shi don kada a rasa mai kama masa hannu wajen hawa mota.

Ba inda idon mai shigowa zai fara sauka sai bangon nan. Matan suka yi cirko-cirko. Wata ta ja lulluɓi ta juya dama, nan ma bakin wani ne a buɗe, ta juya hagu, haka. Masu sauran hotuna shidan sun bar gari ko ba su zo ba. Shi kaɗai ne ke tsaye a wurin da ransa, surukinsa a gabansa.

Tsohon ya ɗaga kai. Kallon bai fi numfashi ɗaya ba. Ya mai da idonsa kan daɓe, ya juya, ya bi ta gefen mijin ɗiyarsa ba tare da ya dube shi ba, ya fita ya koma cikin bas ya zauna cikin zafin nan. Sauran suka bi shi ɗaya ɗaya. Madam ta bi su da gudu tana cewa, "Baba, ku shigo mana, ko lemo ku sha!"

Mai gadi bai fita ba. Ya ja amawalinsa sama har sai da idanun suka kusa ɓacewa. Ya tako har inda nake tsaye da babbar rigata. Ya ce, "Mai hoto, wannan na akwati ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "To." Ya juya ya fita, bai shiga bas ba, a ƙasa ya tafi.

Na ɗauko kujera na hau na fara cire hoton a gaban manya da ƙanana. Madam ta dawo ta riƙe ƙafar kujerar tana tambayar me ya faru, me nake yi. A tsaye a kan kujerar na yi mata bayanin da na kasa yi wata biyu, bai kuma fi jimla uku ba. Ta saki kujerar. Ta ce, "Me ya sa ba ka faɗa mini haka ba tun farko?" Sai na hau ta da faɗa. Na ce wa ya aike ta ta kwaso mutane a bas, na ce ku masu karatu komai kuka gani sai kun kafa shi a bango. Na faɗi abin da ya fi haka. Ba ta rama ba, ta ɗauko wata kujera ta fara cire na biyu, hawaye na zuba. Muka sauke bakwai ɗin. Baƙi suka ci gaba da shan lemo suna kallon ƙusoshi.

Tun daga ranar, mai gadi bai sake komawa tantin ba. Yana zuwa gadi, da rana kuma ya kwanta a inuwar mai faci, fuskarsa a bango. Shayi ya ƙare. Na bar shi kwana biyu, a na uku na kai masa dodon da babban hoton a nannaɗe. Na durƙusa, ni da ban saba durƙusa wa kowa ba, na ce ya yafe mini. Ya karɓi dodon ya cusa a cikin layar da ke wuyansa. Babban kuma ya ce in ƙona. Na ce ai tsohon dattijo ne, zai mance, na roƙe shi ya koma gida.

Ya ce, "Raƙumi ya tafi, na ce Allah ya ɗauki abin shi. Tanti na mace ne. Abinci, tsoho ya ba ni." Ya taɓa amawalin da yatsa. "In na zauna gaban shi, da wannan nake zama. Yanzu da mi?"

Na ce, "Ka yafe mini dai."

Ya ce, "Ba komai." Irin ba komai ɗin da ba a ƙara magana bayansa.

Na ƙona hoton a bayan shago, ya yi wari na wuni guda. Sati bai cika ba aka wayi gari ba mai gadi a layin. Mai faci ya ce ya ga ya hau babbar mota mai zuwa Asamaka, bakin iyakar arewa. A zamanin, in Ba'abzine ya ɓace daga gari, mutane sukan yi ƙus-ƙus su nuna duwatsu da haɓa. Ni ban sani ba, ba kuma zan ɗora masa abin da ban gani ba.

Nunin ya yi sati biyu, aka naɗe aka kai Yamai, ban da bakwai ɗin. Ban sake taka zauren ba. Madam ta zo sallama, muka gaisa a tsaye kamar waɗanda suka haɗu a gidan gaisuwar mutuwa. Ta ce ta je Bukkoki ba da haƙuri, an shimfiɗa mata tabarma, an ba ta shayi, ba wanda ya yarda ya gane maganar da take yi.

Wajen wata guda bayan haka, ina zaune da rana tsaka ina korar ƙuda, sai ga sanda a bakin ƙofa. Tsohon ne. Tela ya gaya mini daga baya cewa tun safe yake zagaya gari yana tambayar ko akwai wani mai hoton, kowa na nuna masa shagona.

"Kai ne mai hoto," ya ce.

"Ni ne, Baba."

"Ina son na kati."

Bai taɓa yin kati ba tun da aka haife shi. Ya ce ya hau mota zuwa Asamaka, aka sauke shi a shingen farko. An gaya masa mijin ɗiyarsa yana can yana lodin manyan motoci. "Ɗiyana ba ya cin abinci," in ji shi da irin Hausarsu, yana nufin matar mai gadi. "Na aika mishi, na ce idona ya tsufa, ban ga komai ba. Bai yarda ba. Shi ya san idona. Sai na je da ƙafana."

Na jawo masa kujera. Ya zauna a kan kujerar, ya jingina sandar da gwiwa, ya kai hannu biyu kan amawali. Sai ya tsaya.

"Wannan," ya ce, "wane bango?"

"Ba bango, Baba."

Ya sauke. Mutum ne da ya haura saba'in a ƙiyasina, ba haƙori ko ɗaya, haɓarsa tana rawa. Na ɗauki fuskoki dubbai a kujerar nan, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na danna. Na ce ya dawo gobe ya karɓa. Ya ce a'a, inda baƙin fim ɗin ya shiga nan zai shiga.

Bai sami mijin ɗiyar tasa a Asamaka ba. Wannan daga baya na ji. Ya dawo shi kaɗai, suka naɗe tantunan biyu suka koma wajen Gugaram, inda ba abin da ya rage musu. Amma ranar bai sani ba, ni ma ban sani ba.

Muka shiga ɗakin duhu tare. Ɗakin na mutum ɗaya ne, kafaɗarsa tana gugar tawa. Na wanke fim ɗin cikin duhu ina jin numfashinsa, na shanya a gaban fanka, ya tsaya a kansa har ya bushe. Na kunna jar fitila, na haska takarda, na tsoma ta a ruwan magani. Dodon kuwa tsohon ya riga ya karɓe ya damƙe a hannun hagu. Muka sunkuya a kan farantin mu biyu. Goshi ya fara fitowa, sannan idanu, sannan hanci. Kafin sauran ya bayyana sai ya tsoma hannun dama cikin maganin, ya ɗora yatsu biyu a kan bakin hoton, ya riƙe. Maganin yana cin fata, kuma in an riƙe takarda haka hoton lalacewa yake yi, ofis ba zai karɓa ba. Na sani sarai sai mun sake wanke wani. Na ɗauke kaina na kalli bango, na bar shi ya riƙe.